Raddi Ga Masu Cewa Finafinan Soyayya Na Yanzu Ba Su Da Abin Kallo

Akwai maganar da ta yi ƙarfi a bakin wasu masu sharhi da iyaye da malaman makaranta, cewa finafinan soyayya da ake fitarwa a shekarun nan ba su da komai sai ɓata lokaci da ɓata tarbiyya. Hujjojinsu biyar ne. Suna cewa labarin ɗaya ne ake ta jujjuyawa. Suna cewa finafinan na cusa wa matasa mafarkin dukiya har su raina auren talaka. Suna cewa batsa ta cika su. Suna cewa na da sun fi na yanzu tsafta da ma'ana. Sannan suna cewa al'adar wasu ce, ba ruwanmu da ita. Tsoron da ke bayan waɗannan maganganu na gaskiya ne, kuma duk mai 'ya'ya ya san shi. Amma hukuncin da aka gina a kansa kuɗin goro ne. An ɗauki finafinan da suka fi hayaniya a kasuwa an auna sauran da su, alhali mafi ingancin finafinan soyayya na wannan lokaci sun karkata ne zuwa ga haƙuri da kamewa da riƙon alkawari, wato halayen da masu sukar ke kukan sun ɓace.

Da'awa ta farko ita ce labarin ɗaya ne: saurayi ya ga budurwa, iyaye su ƙi, a sha kuka, a ƙare da biki. Wannan ya dace da finafinai da yawa, amma bai dace da waɗanda suka ja hankalin masana a shekarun nan ba. A fim ɗin Past Lives na 2023, wanda Celine Song ta rubuta kuma ta ba da umarni, yara biyu ne, Nora da Hae Sung, suka shaƙu a Seoul ta Koriya ta Kudu, sai iyayen yarinyar suka yi ƙaura da ita zuwa Kanada tana da shekara 12. Ba su sake haɗa ido da ido ba sai bayan shekara 24, a Amurka, lokacin tana da miji. Babu mugun uba a labarin, babu makirci, kuma mijin nata, Arthur, mutumin kirki ne da ya karɓi baƙon ya zauna da shi cin abinci duk da zuciyarsa na dukan uku-uku. Ƙarshen fim ɗin shi ne baƙo ya koma ƙasarsu, matar aure ta koma wurin mijinta. Fim ɗin ya shiga takarar Oscar ta 2024 a matsayin fim mafi kyau da kuma rubutu mafi kyau. Shi kuwa Laapataa Ladies na Kiran Rao, wanda ya fito a gidajen kallon Indiya a Maris 2024, daga inda sauran ke tsayawa ya fara: an riga an ɗaura aure, sai aka yi musayar amare biyu a jirgin ƙasa saboda lulluɓinsu iri ɗaya ne. Ango Deepak ya isa gida da matar wani, tasa amaryar, Phool, tana can yashe a tasha ba ta ma iya faɗin sunan ƙauyen mijinta daidai ba. Wanda ya ce waɗannan labarai biyu ɗaya ne da na saurayi da budurwa a cikin lambu, to bai kalle su ba.

Da'awa ta biyu ta fi nauyi, domin tana taɓa zaman aure. Ana cewa yarinyar da ta saba ganin soyayya a cikin manyan gidaje da motoci za ta shiga ɗakin mijinta da tsammanin da ba zai iya cika mata ba. Lallai akwai finafinan da ke sayar da wannan mafarki. Sai dai a duba Fallen Leaves na Aki Kaurismäki, fim ɗin ƙasar Finland da ya samu kyautar alƙalai a bikin Cannes na Faransa a 2023. Jarumar, Ansa, ma'aikaciyar kanti ce da aka kora saboda ta ɗauki abincin da wa'adinsa ya wuce. Ranar da ta gayyaci saurayinta cin abinci sai da ta je ta sayo faranti na biyu, don ɗaya take da shi. Shi kuwa Holappa lebura ne mashayi, wanda giya ke raba shi da aiki bayan aiki. Ansa ta gaya masa gatsal cewa giya ce ta kashe mahaifinta da ɗan'uwanta, don haka ba za ta zauna da mashayi ba, kuma labarin bai ci gaba ba sai da ya daina sha. Haka 12th Fail na Vidhu Vinod Chopra, na 2023, wanda aka gina a kan rayuwar Manoj Kumar Sharma, ɗan ƙauye daga yankin Chambal da ya faɗi jarrabawar gama sakandare, ya tafi Delhi yana share ɗakin karatu yana aiki a injin niƙa, har ya ci jarrabawar shiga manyan jami'an 'yan sandan Indiya a damarsa ta ƙarshe. Shraddha, wadda yake so, ta riga shi cin tata jarrabawar, kuma ta sanar da shi cewa amincewarta ba ta rataya a kan sakamakonsa ba. Gwamnatin Indiya ta ba fim ɗin kyautar fim mafi kyau a lambobin yabonta na ƙasa. Darasin da ke cikin finafinan nan biyu shi ne talauci ba aibi ba ne, amma mugun hali aibi ne. Wane uba ne zai ƙi a koya wa 'yarsa wannan?

Da'awa ta uku ita ce ta batsa, kuma a nan dole a ba mai gaskiya gaskiyarsa. Finafinan soyayya da yawa na Amurka da Turai, har da wasu na Indiya, suna ɗauke da abin da ba a kallo a gaban yara, wasu ma ba su dace da kowa ba. Amma kasancewar wani abu a cikin wasu ba ya zama hujja a kan duka. A fim ɗin 96, na harshen Tamil, wanda C. Prem Kumar ya fitar a 2018 da Vijay Sethupathi da Trisha, tsofaffin 'yan makaranta ne suka haɗu a taron tuna baya bayan fiye da shekara 20. Jaanu ta yi aure a Singafo har da 'ya. Ram bai taɓa aure ba. A daren nan suka gano cewa saƙon da bai isa daidai ba ne ya raba su tun suna matasa. Duk ƙarfin fim ɗin yana cikin abin da suka hana kansu: da asuba ya raka ta filin jirgi ta koma gidanta. A Past Lives ma ko sumba babu tsakanin tsofaffin masoyan. Mai suka zai ce, ai matar aure ta keɓe da wanda ba muharraminta ba, kuma wannan kaɗai ya isa laifi. Haka ne a ma'auninmu, kuma ba wanda ya ce waɗannan finafinai littattafan fiƙihu ne. Mutanen da suka yi su ba addininmu suke bi ba. Amma hanyar auna labari ita ce a duba abin da yake ɗaukakawa da abin da yake ƙasƙantarwa. Labarin da ya kai mutum biyu bakin rami ya nuna cewa mutuncinsu yana cikin ja da baya, ba ɗaya yake da labarin da ya tafa wa wanda ya faɗa ba. Wanda ya haɗa su a hukunci ɗaya ya rasa ma'aunin da zai koya wa yaro bambancewa da shi.

Da'awa ta huɗu ita ce ta kewar zamanin da ya wuce, cewa finafinan Indiya da iyayenmu suka kalla sun fi kunya da ma'ana. A wajen sutura da kauce wa sumba, sau da yawa haka ne. Amma tsaftar tufafi ba ita ce tsaftar saƙo ba. A Darr na Yash Chopra, na 1993, Shah Rukh Khan ya fito a matsayin mutumin da ke bibiyar mace yana tsorata ta, kuma ko da yake shi ne mugun labarin, shi masu kallo suka fi riƙewa a zuciya. A Tere Naam na 2003, jarumin da Salman Khan ya fito a matsayinsa sace yarinyar ya yi ya tsare ta, daga baya labarin ya nuna ta kamu da sonsa. Shekaru da dama wannan salo yana gaya wa samari cewa in mace ta ce a'a, naci da tsoratarwa za su mayar da ita e. Salon bai mutu ba: Kabir Singh na 2019, inda jarumi ya mari budurwarsa kuma labarin ya ƙare da ba shi ita, yana cikin finafinan Hindi da suka fi kawo kuɗi a shekarar. To sai dai wannan gadon da ne, ba ƙirƙirar yanzu ba. Abin da yake sabo shi ne samuwar finafinan da ke ƙalubalantarsa. A Laapataa Ladies, amarya ta biyu, Jaya, an aurar da ita ne ga mugun mutum ba da sonta ba, alhali burinta ta karanci aikin noma, kuma mutanen gidan Deepak da ɗan sandan da ya fara da neman cin hanci su suka taimaka mata ta kuɓuta. Phool kuwa ta koyi sana'a wurin wata dattijuwa mai sayar da shayi a tasha, ta riƙe kuɗin guminta karo na farko, sannan ta koma ga mijinta da ƙafarta da kuma sonta. Fim ɗin bai zagi aure ba. Auren dole ya zarga, ya yabi auren da aka gina a kan yarda. Kuma kada a manta, muna tuna finafinan da ne bayan lokaci ya tace su: ɗaruruwan marasa kyau sun ɓace, 'yan ƙalilan masu kyau suka rage. Gwada zaɓaɓɓun jiya da tarkacen yau ba adalci ba ne.

Da'awa ta biyar ita ce al'adar baƙi ce, don haka mafita ita ce a kauce mata gaba ɗaya. Wannan magana ta makara da fiye da rabin ƙarni. Tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce aka fara haska finafinan Indiya a gidajen silima na Kano da sauran biranen Arewa, tasirinsu ya shiga littattafan soyayya da finafinan Kannywood, kuma yau ana kallonsu da fassarar Hausa a waya, ana tura wa juna a shagunan caji. Hukumar tace finafinai ta Jihar Kano, da aka kafa a 2001, tana iya sa ido a kan abin da ake shiryawa a gida, amma ba ta da iko a kan abin da yaro ya sauke daga intanet a ɗakinsa. Saboda haka zaɓin da ke gaban iyaye da malamai shi ne ko matasa su yi kallo da jagora, ko su yi kallo ba jagora. Uban da ya ce duk fim ɗin soyayya shara ne ya cire kansa daga tattaunawar, ya bar wa abokai da masu tura fim aikin zaɓe, kuma su abin da ya fi tashe suke turawa. Sannan batutuwan nan ba baƙi ba ne a wurinmu: auren dole, karatun 'ya mace, saurayi talaka mai ƙoƙari, miji mai shaye-shaye, tsohon masoyi da ya dawo bayan an yi aure, duk abubuwa ne da marubutan Hausa irin su Balaraba Ramat Yakubu suka daɗe suna tattaunawa. Masu shirya finafinanmu ma za su ƙaru in suka lura da yadda waɗannan finafinai ke riƙe mai kallo da shiru da kawaici, ba da tsawaita rigimar kishi ba.

Ana iya cewa finafinai biyar ko shida ba sa wanke dubbai. Gaskiya ne, kuma ba wanke dubbai ake nema ba. Wanda ya ce babu ko ɗaya mai kyau, misali ɗaya ya isa ya rushe maganarsa. Ga shi an kawo daga Koriya da Amurka da Finland da arewaci da kudancin Indiya, a tsakanin 2018 da 2024, kuma ba ɓoyayyu ba ne, finafinai ne da suka shiga manyan gasa ko suka cika gidajen kallo. A kowane fanni na adabi mai kyau kaɗan ne, har a waƙa da rubutun zube, kuma ba a taɓa cewa a daina karatu don yawancin littattafai ba su da inganci ba.

Hukuncin da hujja ta yarda da shi shi ne: a cikin finafinan soyayya na shekarun nan akwai na gujewa, akwai na manya kaɗai, akwai kuma waɗanda suka cancanci kallo. Laapataa Ladies da 12th Fail ana iya kallonsu da matasan gida a tattauna bayan an gama. Past Lives da 96 da Fallen Leaves sun fi dacewa da manya waɗanda suka san nauyin aure. Kira ga iyaye da malamai da masu sharhi shi ne su duba matakin shekarun da aka rubuta wa fim, su fara kallonsa kafin yara, sannan su yanke masa hukunci da sunansa. Ga masu fassara finafinai zuwa Hausa kuma, su riƙa zaɓo irin waɗannan, domin abin da suka fassara shi jama'a za su kalla.