Kwanon ciniki daban, kwanon cefane daban



Kwanakin baya, a cikin shirin da muke gabatarwa a gidan rediyo inda masu saurare ke bugo waya su faɗi damuwarsu, wata baiwar Allah ta kira mu daga wata unguwa a nan Maraɗi. Ba ta so a faɗi sunanta ba, mu ma ba za mu faɗa ba. Ta ce shekara 4 ke nan tana matsar man gyaɗa da tuyar ƙuli-ƙuli a cikin gidanta, amma yanzu idan gari ya waye ta dubi turmi da kasko sai ta ji jikinta ya mutu. Ta tambaye mu ko akwai wani magani da ake sha domin kasala. Waɗanda suka kira bayanta kowa da abin da ya ce. Wannan ya ce ta tafi likita a auna jininta, wancan ya ce baki ne ya kama ta, wani dattijo kuma ya ce matan yanzu ne ba su da juriyar iyayensu. Mu dai tambaya ɗaya muka yi mata. Muka ce: Hajiya, a watan da ya wuce nawa kika ci riba? Ta yi shiru, can ta ce wallahi ba ta sani ba.

To, a ganinmu ciwon ke nan. Auna jini ba laifi ba ne, wanda jikinsa ke masa nauyi ya kamata ya je a duba shi. Amma mutum ba ya ɗorewa a kan aikin da ba ya ganin amfaninsa da idonsa. Manomi yana jure ranar damina ne saboda ya san da kaka zai ƙirga damma ya zuba a rumbu. Mai kanti a babbar kasuwa, ko mai rumfa a kasuwar Dole ta Damagaram ko Katako ta Yamai, idan magariba ta yi yakan ƙirga cinikinsa, ya rufe ƙofa, ya saka makulli a aljihu. Ita kuwa mai sana'a a cikin gida ba ta da ƙofar da za ta rufe. Kasuwarta tana tsakar gida, tsakanin murhu da igiyar shanya, kuɗin cinikinta kuma suna cikin wani kwano a ƙarƙashin gado wanda kowa a gidan ya san inda yake.

Bari mu yi lissafi tare, domin masu karatunmu ƴan kasuwa ne, sun fi mu sanin ƙirga. Mu ɗauka uwargida ta sayi gyaɗa da itace da kuɗin niƙa na jika 10. Cikin kwana 4 ta sayar da mai da ƙuli, ta haɗa jika 12. Riba jika 2 ke nan, ba laifi. Amma kullum da safe yara za su tafi lakwal, sai a ɗauki dala 20 a kwano. Da rana babu magi babu gishiri, maigida ya fita tun asuba, sai a ɗauki dala 40. Da maraice maƙwabciya ta aiko yarinya a ba ta mai na dala 40, za ta biya “in an jima”. Dala 100 ke nan a yini, kwana 4 kuwa jika 2 cif. Riba ta tafi ba a ga ƙurarta ba. Sai kuma a ce kowane mako akwai suna ko biki ko ta'aziyya, a zari jika guda, wannan karon daga cikin uwar kuɗi. Bayan mako 5 jari ya koma jika 5. Jarin jika 5 ribar jika 1 kawai yake bayarwa, amma gida bai rage cin jika 2 da ya saba ba. Daga nan gangara ce. Wace mace ce za ta tashi da asuba da karsashi ta shiga hayaƙi, alhali kullum gyaɗar da take iya saye raguwa take yi, kuma ba ta san dalili ba?

Shi ya sa muke cewa maganin kasalar nan na farko kwano na biyu ne. Da an gama ciniki a fara fitar da uwar kuɗi a ajiye inda hannu ba ya kai, kafin a taɓa ko dala ɗaya. Abin da ya rage shi ne riba, shi ne za a raba: ga na gida, ga na ajiya. Wadda ta yi lakwal ko makarantar allo ta nemi kaye da bik ta riƙa rubutawa, da boko ko da ajami duk ɗaya ne. Wadda ba ta yi ba ta sa ɗanta ya rubuta mata, ko ta koma dabarar iyayenmu ta ƙirga da tsakuwa ko zane a jikin bango. Kowace hanya aka bi, a ƙarshen mako ta iya cewa: ga abin da na samu. Ko dala 100 ce ta rage, ganinta a hannu ya fi kowace irin nasiha ƙarfafa gwiwa.

Yanzu kuma ga maganar da ba kowa ke son ji ba, wato ta magidanta. Mu ma ƴaƴan gidajen nan ne, mun ga yadda abin yake. Da yawa daga cikin mazaje, da zarar sun ga matar gida ta fara juya ƴan kuɗi, sai su fara mantuwa da kayan miya. Yau a ce “ki ranta mini, in na dawo in ba ki”, gobe a ce “ai ke ma gidanki ne”. Ba mu ce mace kada ta taimaki mijinta ba, zaman yau sai da taimakon juna, kuma mun san mazajen da kasuwa ta juya wa baya, ba da son ransu suke fita ba su bar komai ba. Amma ciyar da iyali nauyin maigida ne, kowa ya san wannan, kuma rance rance ne ko tsakanin mata da miji. Maigida da ke cinye jarin matarsa kaɗan-kaɗan, kaza mai yi masa ƙwai yake yankawa. Ranar da ciwo ya faɗo cikin dare, ko kuɗin haya suka taso, wannan kwanon da ya raina shi ne zai nema, ya tarar da shi wayam.

Bashin dangi da maƙwabta shi ma haka. A kasuwa mai saye baƙo ne, in bai biya ba kaya ba su tashi. A gida kuwa mai saye ƙanwar miji ce, ko matar da kuke ɗibar ruwa a famfo ɗaya, ko wadda ta zauna da ke ranar da kika haihu. Kunya ke hana a ce a'a, kunya kuma ke hana a je bi. Mun san wata mai sayar da atamfa da turare a gida da ta samo wa kanta mafita: duk wanda ya nemi bashi sai ta ce kayan ba nata ba ne ita kaɗai, akwai kuɗin ƙungiya a ciki, ranar taro sai ta kai lissafi. Kuma gaskiya take faɗi. Ba wanda ya yi fushi da ita, domin ba ita ta hana ba.

Wannan ya kawo mu ga abin da mu mutanen Maraɗi ya kamata mu fi kowa sani. A shekarar 1991 ne ƙungiyar CARE ta fara tsarin nan na Mata Masu Dubara a jaharmu, ta ɗora shi a kan adashin da iyayenmu suka sani tun fil azal. Mata su haɗu su kimanin 20 zuwa 30, kowane mako kowa ta zuba abin da aka yarda a cikin akwati mai makulli, mai bukata ta ɗauki rance ta juya ta maido, in shekara ta zagayo a fasa asusu a raba. Daga nan wajenmu tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka har da wajenta. Wasu suna ƙyamar ƙarin da ake ɗorawa a kan rancen, wannan magana ce da kowace ƙungiya za ta zauna da malamanta ta warware, adashi kuwa ba ƙari a cikinsa. Abin da muke so a lura da shi wani abu ne daban. Ranar zubi tana tilasta wa mace ta san ribarta, tunda ba ta son ta je taro hannu rabbana ta ji kunya gaban tsaranta. Ga shi kuma tana fita daga kaɗaici. Mai rumfa a kasuwa yini take tana hira da maƙwabtan rumfa, ta ji farashin tiya ya hau ko ya sauka, ta ji wane kaya ke tafiya. Wadda ke cikin gida, balle mai kulle, sai dai ta ji a bakin yara. Zaman awa guda a mako da masu sana'a irin tata yana wanke mata zuciya fiye da yadda ake zato.

Sai batun lokaci, wanda ba za mu daɗe a kai ba domin kowa ya san shi. Aikin gida ba ya ƙarewa, in aka ce sai an gama shi za a fara sana'a, to ba za a fara ba. A yanke wa sana'a lokacinta, a sanar da mutanen gida. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke gasa mutane tun hantsi, mai tuya ko suya da ta san ciwon kanta daga sallar asuba take farawa, kafin rana ta take ta sauke kasko. Tela mai keke a zaure shi ma ya sani cewa in ya bari zaurensa ya zama majalisar shan shayi, ɗinkin sallah ba zai fita ba. Wayar salula kuma wuƙa ce mai baki biyu. Mata da yawa a yau da ita suke ciniki, su saka hoton kaya a WhatsApp, a aiko musu kuɗi ta Nita ko Amana daga Tawa ko Agadas ba tare da sun taka ƙofar gida ba. Amma ita ce kuma ke cinye hantsi guda a kallon bidiyo, gyaɗa na ƙonewa a kan wuta.

Kada kuma a ɗauka muna ɗora wa mata laifin komai. Akwai abin da ya fi ƙarfin kwano biyu. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakarta daga watan Agusta na 2019 har zuwa Disamba na 2020, masu sarin kaya daga Katsina da Kano ta hanyar Ɗan Isa da Jibiya sun ji a jikinsu. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 kuma, da aka saka wa ƙasarmu takunkumi, aka sake rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take turo mana har zuwa farkon 2024, masu sayar da ƙanƙara da yawur da lemun hari sun ga kayansu na lalacewa a cikin firiji. Wannan ba kasala ba ce, ba kuma rashin dabara ba. Amma mun lura da abu guda a cikin waɗanda muka zanta da su a lokacin: wadda ke da ɗan abin da ta ajiye a asusu ta juya ta koma sayar da abin da ba ya bukatar sanyi, garin kunu, yaji, daddawa, busasshen zogale, har Allah ya kawo sauƙi. Wadda jarinta ke gauraye da kuɗin cefane kuwa ta cinye shi cikin mako biyu ta zauna. Haka yake ga mai man gyaɗa ko ba takunkumi: da kaka gyaɗa ke araha, wadda ke da ajiya ta sayi buhu ta jibge, wadda ba ta da shi sai ta bi tiya-tiya da tsada har damina.

Akwai kuma wani farashi da sana'ar gida ke biya wanda ba a rubuta shi a kaye, shi ne talla. Tunda uwa ba ta fita, ƴarta ce ƙafarta. Yarinya ƴar shekara 9 ko 10 ta ɗauki tire tun safe ta bi tasha da gareji da bakin titi, tsaranta suna aji. Mun san amsar da ake ba mu, an sha ba mu ita a rediyo: da kuɗin tallar ake yi mata kayan ɗaki. Mun ji. Amma duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar mota da maraice ya ga irin maganganun da ake yi wa yaran nan, ya san ba kayan ɗaki kawai suke kwasowa ba. Ga shi kuma yarinyar da aka hana karatu ita ce gobe za ta zauna a ɗakinta da sana'a ba ta iya rubuta ribarta ba. Akwai hanyoyin da suka fi wannan. A yi magana da mai kantin unguwa a ajiye masa kaya ya ci ɗan kamasho. A ɗora tebur a ƙofar gida bayan an taso daga lakwal, inda ido ke kai. A ɗauki lambar masu saye na kullum, mai kabu-kabu ya kai musu. Riba za ta ɗan ragu da farko, ba mu musa ba.

Ita kuwa baiwar Allah mai ƙuli-ƙuli, bayan kamar wata biyu ta sake kiranmu. Ta ce ta sayi ƙaramin akwati da kwaɗo, ta ba yayarta da ke wata unguwa ajiya, kuma ɗanta na aji biyar shi ke rubuta mata lissafi kowace Juma'a. Ta gano cewa mai ne ke kawo mata riba, ƙulin da take ba yara su kai talla kusan rabinsa a bashi da ɗanɗane yake tafiya, saboda haka yanzu sari take bayarwa ga masu tsire biyu, kuɗi hannu. Muka tambaye ta labarin kasala, ta yi dariya ta ce tana nan wata rana, amma ba kamar da ba. Abin da ya rage mata, in ji ta, maigida ne: ya kwana uku ba ya yi mata magana tun ranar da ta tuna masa jika 3 da ya ranta kafin azumi, kuma har yanzu bai biya ba.