Jiki magayi: a tambayi ciki kahin a buɗe kwano

A birnin Maraɗi tumbi shaida ne. In ɗan kasuwa ya yi ƙiba, sai a ce Alhaji ya samu. In ma'aikaci ya rame, sai a tambaya ko albashi ne bai hito ba. Shi ya sa mutane da dama ke cin abinci don agogo ya buga, ko don kunyar wanda ya aje musu kwano, ko don idon jama'a. Ciki kuwa, da shi ne mai ɗaukar kayan, ba a cika neman shawararsa ba. Alhali ƙasar Maraɗi na cikin wuraren da sunka nuna wa duniya cewa marmarin abinci ma'auni ne da likita ke dogara da shi tsakanin rai da mutuwa.

Mai karatu zai tuna da shekarar 2005. Bayan fari da ɓarnar fara na 2004, hatsi ya yi tsada, tamowa ta auka wa yara. A wannan shekara ƙungiyar likitocin MSF ta yi jinyar yara hiye da 60.000 a Nijar, mahi yawansu a jihar Maraɗi. Gadajen asibiti ba su isa ba, dole a zaɓi wanda za a kwantar. Sai anka riƙa miƙa wa uwa ƙunshin Plumpy'Nut, wato haɗin gujiya da madara da mai da sukari, mai nauyin garam 92, ta zauna ta ba ɗanta cikin natsuwa. Yaron da ya ci da marmari, kuma babu wata cuta tare da shi, sai a sallame shi ya yi jinya a gida, ana duba shi kowane mako. Wanda ya kau da kai, shi ake kwantarwa a CRENI, domin rashin marmari alama ce ta cewa cuta ta ci ƙarhin jiki. A 2007 hukumomin OMS da PAM da UNICEF sunka amince da wagga hanya ga duniya baki ɗaya.

Yunwa da ƙoshi saƙonni ne da ke kai da komo tsakanin ciki da ƙwaƙwalwa. A 1999 masana a Japan sunka gano wani sinadari, grelin, da tumbi ke saki in ya zama wayam, shi ne ke kiran mutum zuwa ga kwano. Tun 1994 anka gano leptin, wanda kitsen jiki ke aikawa don shaida cewa akwai ajiya. Sai dai saƙon ƙoshi mai nawa ne: likitoci na ƙiyasta cewa yakan ɗauki wajen minti ashirin kahin ya isa. Ɗan kasuwar da ya haɗiye shinkafa da miya cikin minti biyar, ido na kan mai ciniki, ya wuce iyaka tun ɗan aiken bai iso ba.

Irin abincin ma yana iya toshe kunne. A 2019, a Amurka, masanin nan Kevin Hall ya tara mutum ashirin, ya ba su abincin masana'anta mako biyu, abincin gida mako biyu, kowa ya ci iya son ransa. A makonnin abincin masana'anta, a matsakaici mutum ya ƙara wajen kalori 500 a rana ba tare da ya lura ba, daidai da abin da ke cikin ƙunshi guda na abincin masu tamowa. Lemun kwalba da shayi mai kaurin sukari, da ake ta zagayawa da su a buro da bakin kanti, suna shiga jiki ba su kashe yunwa ba. Tuwon hatsi da miyar kuka, ɗan wake, ko kwaɗon zogala irin wadda ake nomawa a garaken Jiratawa, suna sa tauna, suna zama a ciki, su ba saƙon lokacin isa. Manomin Tibiri da ya sha hura bayan ya tashi daga gona ya san lokacin da zai aje ludayi. Tsatsonsa da ya koma zaman kujera a birni yana cin abincin mai noma, alhali bai riƙe hauya ba.

Akwai kuma inda ake danne saƙon da ƙarhin tsiya. Ɗura da ake yi wa jinjiri, a danne shi a zuba masa koko yana kuka, tana iya shaƙe shi, kuma tana koya masa cewa ƙoshinsa ba abin kulawa ba ne. OMS ta ba da shawarar a ciyar da yaro da haƙuri da rarrashi, ba tare da tilas ba. Haka nan ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe, da wasu ƴan mata ke saye wurin masu tallan magani gabanin aure: siproheptadin yana buɗe ciki da yunwar ƙarya, deksametazon kuwa yana kumbura huska, ya hau da sukari da jini. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

A 1995 wasu masanan abinci biyu na Amurka, Evelyn Tribole da Elyse Resch, sunka wallafa littahi da ke kira ga mutane su ci in sun ji yunwa, su tsaya in sun ƙoshi, su daina azabtar da kansu da dokokin rage ƙiba. Ga mutanen Katsina da Gobir wanga ba baƙon zance ba ne. Almajiri ma ya san hadisin da Tirmizi ya ruwaito, wanda ya kasa ciki kashi uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi.

Amma ga gargaɗi. Yunwar da ba ta ƙarewa, tare da ƙishirwa da yawan hitsari da rama, alamar ciwon sukari ce. Mai ita ya tahi a gwada jininsa, kuma wanda likita ya tsara wa lokutan ci ya bi tsarin. Yaron da ya ƙi abinci yana zazzaɓi ko zawo, kada a ce a bar shi sai ya nema, a kai shi asibiti a ranar. Talakan da rumbunsa ya ƙare a tsakiyar damina kuwa yana jin yunwarsa sarai, hatsi ne ba shi da shi.

Saboda haka nauyin yana kan mai wadata. Ya zauna kahin ya ci, ya rage loma, ya dakata a tsakiyar kwano ya ji ko cikin na neman ƙari. A wurin suna ko ɗaurin aure, ya ɗanɗana ya yi godiya, wannan ya isa ladabi. Mai gida kuma ya rage matsa wa baƙo. Abin da ya rage a kwano ba asara ba ne, domin a kowace unguwa ta Maraɗi akwai wanda cikinsa ke kira tun da sahe.