A Sa Littattafan Kimiyya Cikin Lodin Kilomita Biyar

Duk wanda ya san unguwar Kilomita Biyar ya san cewa ita ce cibiyar kasuwancin Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. Manyan motoci kan taso daga Duwala, su ratsa iyakar Garoua-Boulaï, su sauke shinkafa da atamfa da batura da magunguna. Abin da ba kasafai ake gani cikin lodin ba shi ne littafin kimiyya.

Idan ba a manta ba, rikicin da ya ɓarke a shekarar 2013 ya kori dubban mazauna unguwar zuwa Kamaru da Chadi, ya kuma katse wa yara da dama karatu. 'Yan firamaren wancan lokaci su ne samarin da ke tsaron shago a yau. Komawa aji zai yi wa da yawansu wuya, amma littafi na iya iske mutum har cikin rumfarsa.

Sai dai a bi abin daki-daki. Kuskuren masu karatun kai-da-kai shi ne farawa da babban littafi, su gaji kafin shafi na ashirin. Saƙon da ke gudu a jijiyar ɗan Adam wutar lantarki ce, wadda shige da ficen sinadaran sodiyam da fotashiyam ke haifarwa. Don haka wanda bai san fizik da kemistiri ba, ba zai gane ilmin ƙwaƙwalwa ba.

A fara da lissafi. Mai karatu da Faransanci ya nemi jerin littattafan CIAM na sakandare. Wanda ya yi boko a Nijeriya ya riƙi New School Physics na Anyakoha da New School Chemistry na Ababio. Daga nan sai fizik na Halliday da Resnick, sannan littafin Lehninger kan sinadaran jikin halittu, a ƙarshe littafin ƙwaƙwalwa na Bear da Connors da Paradiso. Duk ukun nan an fassara su da Faransanci. Laccocin Feynman, waɗanda jami'ar Caltech ta Amurka ta sa a intanet kyauta, a ajiye su sai an yi ƙwari. Mai jin Ingilishi na iya sauke littattafan OpenStax na Jami'ar Rice a wayarsa ba ko sisi.

Muna kira ga 'yan kasuwarmu na Garoua-Boulaï da Kusiri da Mubi da su riƙa sa kwali ɗaya na irin waɗannan littattafai cikin kayansu. A duba shafuka kafin a biya, domin bugun jabu kan zo da zane a dushe ko babi a yanke. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa kuma su yi karo-karo su buɗe ɗakin karatu, tunda littafi guda na iya wadatar da mutum goma. Maigida ya ba yaron shagonsa ko da awa ɗaya a rana, yaron kuma ya riƙa warware tambayoyin ƙarshen kowane babi da biro da takarda.

Littafi kaɗai ba ya mai da mutum likita. Amma yana share hanyar zana jarrabawar bakaloriya da shiga Jami'ar Bangui, wadda aka kafa a 1969. Unguwar da ke sayar da magani da farantan sola ta cancanci samun 'ya'yanta da suka san yadda suke aiki. Allah Ya sa mu dace.