Farin garin da ke yanke farashin famfas a Illela

Duk ranar Lahadi, idan kasuwar Illela ta ci, daga cikin kayan da ke tsallakawa zuwa Birnin Konni har da kunzugun jarirai, wanda kowa ke kira famfas ko da wane kamfani ne ya yi shi. Mai shago yana ɗora tsadarsa a kan dala da kuɗin mota. Bai yi ƙarya ba, amma asalin maganar tana cikin famfas ɗin kansa.

Idan aka yaga shi za a ga wani farin gari mai kama da gishiri. Sunansa sodium polyacrylate, shi ne ke zuƙe fitsari ya daskare kamar kamu. Yana iya shanye tsabtataccen ruwa ninkin nauyinsa sau ɗaruruwa. Ana yin sa ne daga asid ɗin akirilik, wanda ake samu daga furofilin, ɗaya daga cikin abubuwan da ke fitowa wajen tace man fetur.

Kamfanonin da ke riƙe da wannan gari ba su da yawa: Nippon Shokubai da Sumitomo Seika a Japan, BASF a Jamus, LG Chem a Koriya ta Kudu, sai kuma na China da suka shigo da araha. A watan Satumban 2012, lokacin da masana'antar Nippon Shokubai da ke Himeji ta yi bindiga, sai da aka shiga fargabar ƙarancin famfas a duniya. Gasar ta yi zafi har Evonik na Jamus ya sayar da sashensa na wannan sana'a a 2024. A shekarar ce kuma Oji na Japan ya ce zai daina yin kunzugun jarirai don kasuwar ƙasarsa, ya koma na tsofaffi, saboda haihuwa ta ja baya. Kasuwar gobe tana inda ake haihuwa, wato irin su Sakkwato da Tawa.

To, me ya sa manyan kamfanonin Amurka suka kasa zama a Najeriya? Procter & Gamble, mai Pampers, ya buɗe masana'anta a Agbara, ya rufe ta a 2018, a ƙarshen 2023 kuma ya ce zai koma shigo da kaya kawai. Kimberly-Clark, mai Huggies, ya buɗe tasa a Ikorodu a 2022, ya tattara ya tafi a 2024. Suna sayen gari da dala, suna sayar da kaya da naira, ga tsadar wuta. Waɗanda suka ci kasuwa, kamar Molfix na kamfanin Hayat na Turkiyya, sun gane cewa uwar da ke ƙauye ba ta sayen katan. Ɗaya ko biyu take saya, ranar suna ko ranar zuwa asibiti.

Nan ne haɗarin yake. Idan gasa ta koma ta araha zalla, hanya mafi sauƙi ga marar tsoron Allah ita ce rage garin. Daga waje ba a ganewa. Uwa ce za ta gane da tsakar dare, idan shimfiɗa ta jiƙe, ko fatar jariri ta yi ja. Araha ba ta ado, kuma wanda ya sayi biyu a madadin ɗaya bai yi tsimi ba.

Rufe iyaka bai magance wannan ba. An rufe ta Illela daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024. 'Yan kasuwa sun yi asara, kaya sun bi barauniyar hanya, amma ko buhu ɗaya na wannan gari ba a samar ba saboda rufewar.

Abin da ya kamata a yi a fili yake. Da farko, gwamnati ta sauƙaƙa harajin shigo da garin ga masu haɗa famfas a cikin gida, domin kada su ma su bi sahun waɗanda suka tafi. Na biyu, hukumomin SON da NAFDAC su tilasta rubuta yawan ruwan da kowane famfas ke iya ɗauka a jikin leda, su kuma riƙa gwaji a kasuwannin iyaka, ba a Legas kaɗai ba. Na uku shi ne mai nisa: matatar Dangote da Indorama na Eleme suna samar da furofilin, suna mayar da shi roba. Ƙasar da ke da wannan tushe tana da hujjar zawarcin masu zuba jari a asid ɗin akirilik, musamman da yake Nijar da sauran maƙwabta kasuwa ce a bakin ƙofa.

Kafin a kai can, farashin da mai jego za ta biya a Illela zai ci gaba da fitowa daga Himeji da China, ita kuwa ba ta da ta cewa sai dai ta ƙirga canjinta.