Matambayi Ba Ya Ɓata, Ko a Kotu



A 1999 kotun Chester ta yanke wa Sally Clark, wata lauya daga Wilmslow, kudu da Manchester, ɗaurin rai da rai bisa zargin kashe jariranta biyu. Babban likitan yara, Farfesa Roy Meadow, ya shaida wa kotu cewa a gida irin nata, jarirai biyu su mutu farat ɗaya abu ne da ke faruwa sau 1 cikin miliyan 73.

Lissafin ba daidai ba ne. Ya ɗauki 1 cikin 8,543 ya ninka da kansa, kamar mutuwar farko ba ta da alaƙa da ta biyu, alhali 'yan'uwa jininsu ɗaya, gidansu ɗaya. Shi likita ne, ba masanin ƙididdiga ba. Daga baya aka gano wani likitan bai bayyana gwajin da ya nuna ƙwayar cuta a jikin ɗanta na biyu ba. An sake ta a 2003, ta rasu a 2007.

Ban ce a raina masana ba. Amma malamanmu sun koya mana shaida amana ce, mutum ya tsaya inda saninsa ya tsaya. A ƙasar nan, mai rajistar zaɓe da ya kai shekara 18 ana iya kiransa cikin mutum 12 da za su ce wanda ake tuhuma ya yi laifi ko bai yi ba. Ranar da takardar ta zo gidanku, ku saurari gwani da kyau, sannan ku tambayi kanku: wannan fanninsa ne? A ina ya samo lambar?