Faɗakarwa Ga Mai Nufin Sayen Motar Lantarki

 Maganarmu ta yau a kan mota ce, da abin da ta ke ci, da kuma sabuwar nan mai tafiya da lantarki wadda labarinta ya shiga rumfunan kasuwa da zaurukan karatu.

Ku sani, tun zamanin da fatake su ke ɗora wa jakuna mangala su nufi Gwanja neman goro, an san sayen dabba ya fi riƙonta sauƙi. Mai doki ya kan biya kuɗinsa rana ɗaya, amma harawa da dusa da kanwa kullum ne. Mota ita ce dokin wannan zamani, kuma hukuncinsu ɗaya. Wanda ya dubi kuɗin saye kaɗai, bai lissafa fetur da baƙin mai da taya da ladan bakanike ba, ya ɗauko wa kansa baƙon da ba ya ƙoshi.

Shekaru da yawa mutanenmu ba su damu da wannan lissafi ba, domin hukuma tana biyan tallafin fetur. Tun daga Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, har zuwa motocin hannu da a ke shigowa da su ta Kwatano, malamin makaranta da mai shago su kan iya riƙe mota ba tare da gida ya girgiza ba. Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafi ya ƙare. Litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a Oktoban 2024 kuwa ta wuce 1,000 a garuruwa da yawa. A tsakanin nan dala, wadda hukuma ta ke sayarwa wajen naira 460, ta haura 1,500, sai kayan gyara su ma su ka bi ta. Kowa ya ga motoci a ƙofar gidaje lulluɓe da tampol, masu su sun koma A Daidaita Sahu.

To, cikin wannan hali ne a ke ta kawo zancen motar lantarki. Ita wannan mota ba ta da tanki, sai wani babban batir shimfiɗe a ƙarƙashinta, a cika shi da wuta kamar yadda a ke yi wa wayar hannu caji. Ba ta shan baƙin mai, ba ta da fulogi, ba ta da salansa, saboda haka abubuwan da kan kai mutum gareji sun ragu ƙwarai. Kuma ta riga ta iso ƙasarmu. A 2020 aka fito da Hyundai Kona mai lantarki wadda aka haɗa a Legas. A 2021 hukumar kula da ƙera motoci, a hannun Jelani Aliyu mutumin Sakkwato, wanda ya zana siffar Chevrolet Volt a Amurka, ta kafa wurin caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. A Maiduguri Mustapha Gajibo ya yi suna wajen cire injin ƙananan bas-bas ya sa musu batir, sa'an nan a Disambar 2023 gwamnatin Borno ta fito da tasi-tasi masu lantarki a birnin.

Ga lissafin, domin ɗan kasuwa da lissafi a ke yi masa magana. Ƙaramar motar fetur ta kan sha kamar lita 9 a tafiyar kilomita 100. Idan lita tana naira 1,000, an kashe 9,000 ke nan. Motar lantarki mai girmanta ta kan ci kamar yunit 18 na wuta a wannan tafiya. Ko da an lissafa da farashin nan mai tsada na naira 225 da aka sa wa 'yan rukunin A a Afrilun 2024, kuɗin bai wuce 4,050 ba, watau bai kai rabi ba. Mai tasi da ya ke yin kilomita 100 kullum zai ga wannan rata a aljihunsa kowane maraice. Wannan gaskiya ce, ba mu musunta ta.

Amma fa hangen Dala ba shiga birni ba ne. Akwai sharuɗɗan da mai talla ba ya son a daɗe a kansu.

Na fari, wuta. Caji a soket ɗin gida ya kan ɗauki dare guda ko fiye, alhali unguwanni da yawa ba sa ganin wuta sa'o'i kaɗan a jere. Ba mu manta da Oktoban 2024 ba, sa'ad da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, yawancin Arewa ta kwana cikin duhu fiye da mako guda. Wanda kuwa zai tada janareto ya cika batir, lalle ya sayi fetur ɗin da ya gudu, ya kuma ƙara da hayaƙi. Masu kawo misalin Habasha, wadda ta hana shigo da motocin fetur a 2024, su tuna ta gina madatsar ruwa a kan Kogin Nilu mai ƙarfin fiye da megawat 5,000, aka buɗe ta a Satumbar 2025, kuma wannan madatsa ɗaya ta yi kusa da dukan abin da layin ƙasa na Nijeriya ya saba rabawa.

Na biyu, nisa. Yawancin waɗannan motoci su kan yi kilomita 300 zuwa 400 a caji ɗaya. Daga Kano zuwa Kaduna kamar kilomita 230 ne, za ta kai. Daga Kano zuwa Maiduguri ya kusa 600, zuwa Legas kuwa wajen 1,000. Idan fetur ya yanke a hanya, ɗan bumburutu yana nan da galan. Idan batir ya mutu tsakanin Potiskum da Damaturu, babu mai kawo wuta a galan.

Na uku, batir kansa. Shi ne mafi tsada a jikin motar, kuma yana tsufa. Masu ƙerawa su kan ba da lamuni na shekara 8 ko kilomita 160,000, bayan wannan sai yadda hali ya yi. Zafi yana gaggauta tsufansa, ga shi kuwa a Sakkwato da Maiduguri ma'auni ya kan wuce 40 a watan Afrilu. Mu kuwa yawancinmu tsohuwar mota mu ke saye, wadda wani ya riga ya ci ƙuruciyarta a Turai ko Amurka.

Na huɗu, mai gyara. Bakaniken da ya ƙware a kan kafireta da giya ba shi da abin yi a nan, kuma wutar da ke cikin wannan batir ta kai ta kashe wanda ya taɓa shi da jahilci. Kafin ka biya, ka je Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ka tambayi kayan wannan mota da sunanta. Idan an ce sai an aika waje, ka lissafa kwanakin da za ta yi a jingine.

A nan ne mu ke roƙon malamai su sa baki. Masu karanta babin ciniki a Risala sun san ba ya halatta a ɓoye aibin haja. Tsohuwar motar fetur ta kan tona asirin kanta, domin mai saye ya ji kukan injin, ya dubi hayaƙi. Batir kuwa shiru ya ke, gajiyayye da lafiyayye kamarsu ɗaya a ido. Akwai na'urar da ta ke auna ƙarfin da ya rage masa. Ya kamata a karantar da dillalai cewa nuna wannan awo haƙƙin mai saye ne, a kuma rubuta shi cikin takardar ciniki gaban shaidu, tun kafin rigingimu su cika kotunan alƙalai.

Ra'ayin wannan fili shi ne, motar lantarki ta dace da aikin cikin gari, inda tafiya gajeruwa ce kuma a ke komowa gida kowane dare, kamar tasi da keke mai ƙafa uku da motar kai yara makaranta, muddin mai ita yana da wuta tabbatacciya ko faifan sola isassu. Attajirin da ya ke da hali zai fi cin riba idan ya kafa rumfar caji ta hasken rana a bakin kasuwa ko tasha, domin rana ba ta yanke mana, kuma masu keke za su zo da ƙafarsu. Amma mai safarar hatsi daga Dawanau zuwa kudu, da malamin da ya ke zagaya ƙauyuka, su riƙe abin da su ke da shi, su kula da shi, su jira hanya ta sami wuraren caji. Wanda ya ke da mota mai lafiya kada ya karyar da ita ya ci bashi don a ce ya bi zamani.

Ga hukuma kuwa, mun ce a fara da wuta da koyar da makanikai kafin bikin yanka ƙyalle. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Duk mai nufin saye ya ɗauki alƙalami ya rubuta tafiyar da ya ke yi kullum, da sa'o'in wutar unguwarsa, da shekarun batir, da sunan wanda zai gyara. Idan amsoshin nan huɗu sun yi daidai, ya saya, Allah ya sa albarka. Idan ɗaya ya gaza, ya dakata.