Juyin da ke rage wa furoton gudu

A shekarar 1858 Bajamushen masanin sinadarai Heinrich Debus ya haɗa imidazol, wani ɗan zobe mai ƙwayoyin zarra biyar: kabon uku, naitirojin biyu. Ɗaya daga cikin naitirojin ɗin na riƙe da haidirojin, ɗayan kuwa hannunsa sake yake. Idan sinadarin ya daskare ya zama kiristal, zobban sukan jeru cikin dogon layi, haidirojin na kowane zobe yana fuskantar naitirojin maras kaya na maƙwabcinsa.

Wannan jeri shi ne hanyar furoton, wato haidirojin da ya rabu da elektaron ɗinsa. Furoton guda ba ya ratsa layin daga farko zuwa ƙarshe. Kowane zobe yakan karɓi ɗaya ta wannan gefe, ya saki nasa ta wancan, kamar leburori masu miƙa bulo hannu da hannu. Theodor Grotthuss ne ya fara siffanta irin wannan miƙo a cikin ruwa, a farkon ƙarni na 19. Sai dai bayan miƙawa, dole kowane zobe ya juya kafin ya karɓi na biyu, kuma a cikin matsin kiristal juyin ya fi tsallen wuya. Shi ya sa imidazol da ya narke, a wajen digiri 90, ya fi daskararrensa kai lantarki nesa ba kusa ba.

Mai gaggawar ganin amfanin bincike zai ce neman mazaunin haidirojin guda ɓata kuɗi ne, tunda hasken X-ray ma da ƙyar yake ganinsa, sai an nemi nutiron. Wannan kuskure ne. Na'urar da ke samar da lantarki daga iskar haidirojin tana buƙatar fatar da furoton zai ratsa. Nafion, wadda aka fi amfani da ita, sai da ruwa take aiki, da zarar zafi ya doshi digiri 100 sai ta bushe. Fatar polibenzimidazol, mai irin waɗannan zobba da ke riƙe asid na fosfarik, wadda masana a jami'ar Case Western Reserve ta Amurka suka gabatar a shekarun 1990, tana aiki a digiri 160 ba tare da an jiƙa ta da ruwa ba.

Injiniyan da bai san cewa juyi ne ke jinkirta furoton ba zai yi ta gyaran abin da bai lalace ba. Kuɗin da aka kashe wajen auna kiristal su suka nuna masa inda cikas yake.